Ginshiƙin Wajen Ruwa

Litinin, 6 ga Maris 1972, bayan la'asar

Yau aka karɓe makullin motar ofis. Babban injiniya bai ma iya kirana ya faɗa mini da bakinsa ba, masinja aka turo, yana ta sosa ƙeya kamar shi ya yi laifin. Wai in zauna a gida in huta har kwamiti ya gama bincike. Hutu! Ai akuyar da aka ɗaure ma hutawa take yi.

Bari in rubuta abin yadda yake, don na lura a bakin mutanen Yelwa kullum sai ya ƙara tsawo. Ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi, tankin ruwa na Tungar Kanya ya faɗi. Hansatu matar Illo tana ƙarƙashinsa da tulunta, tana tarar ruwa a famfo. Ko shurawa ba ta yi ba. Ni Yusha'u na zana tankin nan, ni na tsaya aka gina shi, ni na sa hannu cewa ya yi. Shi ne aikina na farko bayan na dawo daga karatu a Zariya, shekarar da aka tashi mutanen tsibirai aka mai da su tudu saboda ruwan dam zai ci garuruwansu. Mutanen kuwa ba baƙi ba ne, nawa ne. A tsibirin Gungun Kanya aka yanke mini cibi, can kuma kabarin Baba yake, yanzu a ƙarƙashin ruwa.

In kwamiti ya ce sakacina ne, za a soke sunana daga rajistar injiniyoyi, a karɓe lasin. Daga nan ko kwalbati ba ni da ikon sa wa hannu.

Ranar da aka zuba ginshiƙai ina wurin.

Talata, 7 ga Maris, da hantsi

Na sake lissafin daga farko har ƙarshe. Daidai yake. Ginshiƙan nan huɗu ko tanki biyu aka ɗora musu ya kamata su ɗauka. To in lissafi bai yi ƙarya ba, mutum ne ya yi.

Alhaji Maikuɗi ne ɗan kwangilar. A shekarar da aka gama aikin ya tafi Makka, ya dawo da haƙorin zinariya yana yi wa kowa murmushi. Na daɗe ina ganin haƙorin nan, sai yau na gane simintina ne ke walƙiya a bakinsa.

Alhamis, 9 ga Maris, bayan magariba

Na je sadakar bakwai. Matata Halimatu ta roƙe ni kada in je, wai jifana za su yi. Na ce gara jifa da a ce na ɓuya. Na shiga motar kasuwa kamar kowa, tsakanin buhunan albasa.

Ba wanda ya jefe ni, kuma wannan ne ya hana ni sakat.

Ina isa ƙofar gidan Illo dattawa suka miƙe tsaye. Dattawan da suka san ni ba wando! Aka janyo mini sabuwar tabarma. Na durƙusa zan yi wa Illo gaisuwa, sai ya riga ni kaiwa ƙasa, ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa jawur.

“Injiniya, ka yahe muna,” in ji shi. “Don Allah ka yahe muna.”

Na ce, “Illo, ni ya kamata in roƙe ka.”

Ya girgiza kai ya koma ya zauna. Mutum matarsa ta mutu a ƙarƙashin ginina, kuma shi ke neman gafarata. Da walakin, goro a miya. Kawu Mati, wan Inna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, yana gefe yana jan tasbaha. Har na tashi bai yarda mun haɗa ido ba.

Na zaga na ga wurin. Ginshiƙin wajen ruwa, mai kallon tafki, shi ne ya fara karyewa, ko makaho ya shafa ya san haka. Ya murƙushe daga gindi, nauyi ya koma kan sauran ukun, suka bi shi. Rodin yana nan lafiya lau, kankaren ne ya saki.

Na tambayi Cindo, heluman leburorin da ya yi mini aikin. Aka ce ya koma Warra yana fiton mutane a jirgi. Tun yaushe? Tun ranar Juma'a. Wato washegarin faɗuwar tanki.

Asabar, 11 ga Maris, da azahar

An aiko da kwandon albasa da busasshen kifi daga Tunga. Ba a faɗi wanda ya aiko ba.

Litinin, 13 ga Maris, da azahar

Yau kuma kifi ne, ragon ruwa, ɗanye, ƙato. Halimatu ta yi farfesu. Na ce ba zan ci ba sai an ba kyanwa tukuna. Ta dube ni kamar ta ga sabon mahaukaci, amma ta ba ta. Na zauna ina kallon kyanwar nan har ta cinye, ta lashe baki, ta yi miƙa, ta kwanta barcinta. Duk da haka ban ci ba.

In ba guba ba ce, to tarko ne. Gobe a tsaya gaban kwamiti a ce Injiniya yana karɓar kaya daga ƙauyen da ake bincike a kai. Wa zai koya wa masunta wannan dabarar in ba mai haƙorin zinariya ba?

Laraba, 15 ga Maris, bayan la'asar

Inna ta zo daga Tunga da ƙullin kayanta, ba sanarwa. Inna da ko da salla sai an yi da gaske take kwana a Yelwa, wai ƙarar motoci na hana ta jin kiran salla.

Ni ɗan farinta ne, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana baki da baki. Da ina yaro ta kan gaya wa bango ko tukunya abin da take so in ji. Yanzu Halimatu ce bangon. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon randa. Sannan ta ce wa Halimatu, “Ki hwaɗa ma mai gidanki ya rage tahiya cikin rana.”

Ta rame. Tuwon da aka kai mata ya dawo yadda aka kai shi.

Juma'a, 17 ga Maris, bayan masallaci

Kwamiti ya yi zaman farko jiya a ɗakin taro na ofis. Mutum uku ne, biyu daga Sakkwato, shugabansu kuwa wani dattijon injiniya daga Kaduna, mai furfura, mai magana a hankali kamar yana auna ta a sikeli. Sun duba zanena, ba su sami abin cewa ba. Sun ce sun aika da gutsattsarin kankaren Zariya a gwada.

Dattijon ya tambaye ni, “Ranar da aka zuba ginshiƙai, kana wurin?”

Na ce ina wurin.

“Daga farko har ƙarshe?”

Na ce haka na sa hannu.

Ya ɗan dube ni ta saman tabarau, ya rubuta. Ban san me ya rubuta ba, amma ya fi tsawon amsar da na bayar.

A masallaci yau mutumin da ke damana ya matsa ya bar tsakani. Watakila zafi ne. Watakila.

Lahadi, 19 ga Maris, da hantsi

Da na shigo tsakar gida sai Inna da Halimatu su yi shiru. Sau uku ke nan. Jiya na ga Halimatu ta fito da akwatinta tana shanya zannuwa. Ta ce asu take gudu. Gidan ubanta a Shanga ba nisa, kuma injiniya ta aura, ba mai zaman kashe wando ba. Na tambaye ta kai tsaye ko shiri take yi. Ta ajiye zanen ta ce, “In na tahi wa zai ba kyanwa abincinka?” Ta shige ɗaki, na ji tana kuka.

Na ji kunya. Amma har yanzu ban san abin da suke faɗa ba.

Talata, 21 ga Maris, bayan la'asar

Alhaji Maikuɗi da kansa a zaurena. Na bar shi tsaye ya ɗan sha rana kafin in ce ya shigo.

“Injiniya, na ji abin da kake hwaɗi a kaina,” in ji shi. “Ni ba waliyyi ba ne. Akwai ayyukan da in an tone su, sai dai Allah ya ruhwa asiri. Amma wanga aiki, wallahi tallahi ko buhu guda ban ci ba. Kai kanka ka ƙidaya su, ka sa anka wanke yashi gabanka har leburori na zaginka. Ina zan sami ƙohwa?”

Na ce, “To kankaren da kansa ya ruɓe?”

Ya ce, “Shi nike son in sani. Ni ma an hana ni kwangila.”

Abin haushi, gaskiya ya faɗa game da yashin. Ni na zaɓe shi a bakin kogi, ni na sa aka wanke. Na so ƙwarai a ce ƙarya yake yi. Da ya tafi sai na ji kamar an ɗauke mini bangon da nake jingina.

Alhamis, 23 ga Maris, bayan magariba

Na koma Tunga ban gaya wa kowa ba. Ruwa ya fara ja da baya, har ana hango kan tsohuwar kanyar gungunmu a tsakiyar tafki, baƙi ƙirin, ba ganye.

Ɓaraguzan tankin sun ragu. Na tsaya bayan wani rumbu ina kallo. Wata tsohuwa ta zo da ƙwarya, ta tsuguna, ta zaɓi gutsure biyu ta sa a ciki, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka kamar mai kai abinci gona. Bayanta wata ta zo, ita ma haka. Na ce to, ga shi, ana kwashe shaida. Na fito na ce, “Iya, wa ya sa ku?” Ta dube ni, ta ambaci sunan Inna, ta ce, “Sannu, ɗan Asibi,” ta wuce da sauri.

Amma mai ɓoye shaida a tafki zai watsa ta. Ba zai rufe ta da faifai ya shiga da ita ɗaki ba.

Na ɗauki gutsure ɗaya daga gindin ginshiƙin wajen ruwa. Na matsa shi da hannu ya marmashe kamar ƙuli. Cikinsa ja-ja ne, ba toka-toka ba. A tsakiya akwai tsingaro, fashin tsohuwar tukunya, da zanen bakinta a jiki. Na sa shi a aljihu. Me ya kawo tukunya cikin kankarena?

Litinin, 27 ga Maris, da azahar

Sakamako ya dawo daga Zariya. Siminti ya isa, Maikuɗi ya fita. Dattijon ya ce an sami ƙasa a cikin kwaɓin, jar ƙasa da laka da ruɓaɓɓiyar saiwa, kuma ba kaɗan ba.

“Wannan ba dattin yashi ba ne,” in ji shi. “Zuba ta aka yi. Mutumin da ke tsaye a wurin ba zai kasa gani ba.”



Da aka tashi ya tsai da ni a baranda, ya rage murya. Ya ce ya ga zanena, kuma ƙasar nan ba ta da injiniyoyin da za ta riƙa zubarwa. In wani ne ya yi wannan aika-aika a bayan idona, in faɗi sunansa ranar zaman ƙarshe. 'Yan sanda su ji da shi, don an yi asarar rai, ni kuma a ja mini kunne a bar mini lasin. In kuwa ba suna, to ni ne sunan.

Na yi masa godiya. Har yanzu ina tunanin ko tausayi ne ko ƙugiya ce ya sa wa tana.

Talata, 28 ga Maris, da hantsi

Ina wurin. Da safe ina wurin, da la'asar ina wurin.

Alhamis, 30 ga Maris, bayan magariba

Na sami Cindo a bakin ruwa a Warra, yana loda buhunan gero a jirgi. Da ya hango ni sai ya yi kamar zai tura jirgin. Na taka igiyar.

Na ciro tsingaron na nuna masa. Na ce, “Cindo, na bar maka kwaɓi mai kyau. Wa ya zuba ƙasa?”

Ya share gumi da hularsa. “Injiniya, ni baƙo na a Tunga, aure ya kai ni. An ce mini da saninka. An ce kai ka ba da izni, shi ya sa ka kauce don kada idonka ya gani.”

“Wa ya ce?”

“Nac ce musu ƙasa ba ta shiri da siminti. Sunka ce da mi kakanninmu sunka yi gini? Na ƙara buhu biyu don ya riƙe. Ya kuwa riƙe, Injiniya, shekara nawa.”

“Na ce wa ya ce?”

“Tambayi Kawunka,” in ji shi. Ya zare igiyarsa daga ƙarƙashin ƙafata.

Juma'a, 31 ga Maris, bayan asuba

To, bari in rubuta, tun da takarda ba ta kai ƙara.

Ranar da aka zuba ginshiƙai, rana ta ɗaga, an gama harsashi ana shirin fara ginshiƙan, sai ga Kawu Mati. Ya ce jirgi na jira a bakin ruwa. Ya ce mako mai zuwa ruwa zai rufe gungu, kowa ya je ya yi ban kwana da nasa, saura ni. Na ce Kawu a bari sai gobe, yau ba na motsawa. Ya ce, a gaban leburori, “Boko ya hana ka gai da ubanka?”

Wa zai tsaya bayan wannan? Na ja Cindo gefe na maimaita masa awo, kwanon siminti kaza, na yashi kaza, na tsakuwa kaza. Na shiga jirgi. Kawu ya yi ta tuƙi a hankali kamar mai jin barci, ya bi ta doguwar hanya wai akwai dorina. Ban dawo ba sai la'asar, na tarar an gama, an rufe da katako. Na buga katakon, na ji ya cika, na sa hannu.

Akwai abin da na gani a gungu ran nan na manta da shi sai yau. Kabarin Baba ya lotsa a sama, kamar an kankare shi da fartanya, har bakin tukwanen da aka rufe shi da su ya fito. Na ce wa Kawu awaki ne? Ya ce awaki ne. Na duba sauran kaburbura, duk haka suke. Na ce lalle awakin nan sun yi ɓarna.

Tsingaron yana kan teburina. Na kasa taɓa shi yanzu.

Asabar, 1 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban tambaye ta ba. Na ajiye tsingaron a bakin turmi inda take zama, na koma ƙofar ɗakina na zauna. Ta fito, ta gan shi, ta daɗe tsaye. Sannan ta kira Halimatu ta zaunar da ita, ta juya mini baya.

“Ki hwaɗa ma mai gidanki,” in ji Inna, “ubanshi ya sai da jirginshi don a kai shi makaranta, ya rasu bai ga ko bulo guda da ya aza ba. Da anka ce ruwa za ya ci gungu, nac ce a'a, ba a barin malam ƙarƙashin ruwa kamar kihi, ɗanshi na gini a tudu. Na ɗebo ƙwarya guda. Guda ɗai. Nac ce in zuba cikin ginin, ya zan shi ma yana ciki, ya ga aikin ɗanshi.”

Halimatu ta ce, “Inna, ya isa.”

“Bai isa ba. Maƙwabciyata ta gane ni, tac ce ita ma tana da miji can. Kahin kwana biyu kowane gida ya ɗebo nashi. Wa za ka hana? Wa za ka ce ma naka mamacin bai kai ba? Mun san in yana nan ba ya bari, shi ya sa Mati ya ɗauke shi. Hansatu ma ta zuba. Ɗiyanta biyu na can gungu, ta ɗebo musu a zanenta.”



Na tashi na fita. Na yi ta tafiya har bakin kasuwa, ban san me na je yi ba. Haushi nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Duk makonnin nan ina zargin Maikuɗi, ina zargin Cindo, ina zargin matata, har kifi na zarga. Ashe kifin ban haƙuri ne. Ashe matan nan da ƙorai iyayensu da 'ya'yansu suke kwashewa.

Halimatu ta sani tun ranar da Inna ta zo. Ta ce Inna ta sa ta rantse.

Litinin, 3 ga Afrilu, da azahar

Kawu Mati ya zo, da Illo a bayansa. Kawu ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma.

“Ni za ni gaban kwamitin,” in ji shi. “Ni na yaudare ka. Ni tsoho na, gidan yari da kabari duk ɗaya gare ni.”

Na ce, “Kawu, in sun tambaye ka wa ya fara fa?”

“In ce ni.”

“Sai su kira Cindo, su kira mata ɗaya bayan ɗaya. Ka san 'yan sanda. Kafin azahar wata ta faɗi sunan Inna.”

Illo ya ce, “Ni ma na zuba, Injiniya. Na uwata. Da hannuna.” Ya buɗe tafin hannun yana kallo.

Na faɗa wa Kawu maganganun da ɗa ba ya faɗa wa kawunsa. Na ce kun mai da ni yaro, kun sa ni a jirgi kamar buhun gero, kun kashe mace, kun kashe ni. Na ce da kun tambaye ni, da na gina muku wuri na musamman a gindin tankin ku zuba ƙasarku har ta ishe ku, da ba abin da ya faru. Wannan ne ya fi ci mini rai. Abu ne mai sauƙi, aikin yini ɗaya.

Kawu ya ce, “Mun ji tsoron ka yi muna dariya.”

Na buɗe baki in ce ba zan yi ba, sai na tuna yadda nake a shekarar, da gajeren wando da hular kwano, ina gyara wa dattawa magana. Na rufe bakina.

Talata, 4 ga Afrilu, bayan la'asar

Na fito da lasin daga cikin gilashinsa na duba. Takarda ce kawai, da hatimi ja. Jirgin Baba ne wannan.

Inna ta ce wa Halimatu a nemo mata mayafinta mai kyau, wai jibi tana da unguwa. Jibin nan kuwa shi ne zaman kwamiti na ƙarshe. Na ce wa Halimatu ta ɓoye shi, ta ɓoye takalmanta ma.

Alhamis, 6 ga Afrilu, bayan magariba

An gama.

Dattijon ya sake tambayata ko ina wurin daga farko har ƙarshe. Na ce a'a. Na ce na bar aiki tun hantsi ban dawo ba sai la'asar, kuma na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ɗaya daga cikin na Sakkwato ya ajiye alƙalaminsa.

“Ina ka je?”

“Ziyarar kabari.”

“Wa ka bar wa aikin?”

“Ban damƙa wa kowa ba, ranka ya daɗe. Na tafi kawai.”

“Wa ya zuba ƙasar?”

Na ce ban sani ba, tun da ba na wurin.

Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, “Malam Yusha'u, ka gane abin da kake yi wa kanka?” Na ce na gane. Ya ce ko akwai wanda nake zargi. Na kusa yin dariya. Wata guda ba abin da nake yi sai zargi, yau da ake nema kuma ba ni da ko ɗaya na bayarwa.

Sun shiga sun fito. Sakaci mai tsanani. An soke sunana. Batun kai ni kotu kuma sun ce yana hannun ma'aikata, za a sanar da ni. Na miƙa lasin, akawu ya karɓa da hannu biyu, ban san dalili ba.

A waje na ga mutanen Tunga zaune a gindin dalbejiya, sun fi ashirin. Na wuce ta gabansu. Ban iya gaishe su ba tukuna.

Asabar, 8 ga Afrilu, da hantsi

Alhaji Maikuɗi ya aiko wai yana neman mai duba masa aiki, ba sai da sa hannu ba. Ban ba da amsa ba. Ina jin so yake ya riƙa nuna ni yana cewa ga injiniya a ƙarƙashinsa. Halimatu ta ce ko kuma mutumin kirki ne kawai. Ta mai da akwatinta ƙarƙashin gado.

Litinin, 10 ga Afrilu, bayan azahar

Inna za ta koma Tunga gobe. Ɗazu Halimatu ta tafi gidan suna, gidan ya rage daga ni sai ita. Ina zaune a inuwa, sai na ji tafiyarta. Ta ajiye kwanon tuwo a gabana da kanta, ta zauna a kan turmi. Ba ta kalli randa ba, ba ta kalli bango ba. Ni ta kalla.

“Kai ka san gini,” in ji ta. “Ni a na wajen ruwa na zuba tawa, don ya riƙa hangen gungu. Wane na ya hwara karyewa?”

Shekara talatin da ɗoriya ina jiran ranar da matar nan za ta yi mini magana, ni da ita, ba bango a tsakani.

Na ce, “Na wajen tudu ne, Inna. Na wajen ruwa shi ya faɗi ƙarshe. Ya riƙe iya ƙarfinsa.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tura kwanon kusa da ni da yatsa, ta ce in ci tun bai huce ba. Ta zauna har na cinye.

Ban sani ba ko ta yarda.